Ferret ɗina tana zame giya ta uku, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar tsofaffin motocin sulke. Ina da Daimler Ferret, irin wadda aka ƙera wa sojojin Birtaniya daga 1952 zuwa 1971, mai injin fetur Rolls-Royce B60. Injin kam lafiya lau, bugu ɗaya yake tashi. Giya ce ta hana ni sakat.

Kun san tsarinta: ka zaɓi giya da hannu tukuna, sai ka taka feda ta shiga. Ta ɗaya da ta biyu suna kamawa tsaf. Ina shiga ta uku, musamman a hawa, sai inji ya yi ta kuka motar ba ta ja, fedar kuma ba ta dawowa inda ta saba tsayawa.

Na kashe inji na yi ta taka fedar don bel ɗin da ke kama giya ta uku a cikin akwatin giya ya ɗaure kansa, ba canji. Man fulawil, wato man da ke kai ƙarfin inji zuwa akwatin giya, bai ragu ba, da shi ne ma ai duk giyoyin za su zame.

Shin bel ɗin ne ya cinye, ko abin da ke ɗaure shi ne ya maƙale? Ana iya ganewa ta murfin saman akwatin giyar? Ba na son sauke akwatin giyar nan a banza.