Me za mu kira "CSI effect" da Hausa?

Tafinta, unguwar Runjin Sambo, Sakkwato: Salamu alaikum. Ina neman kalmar da za ta shiga shirin rediyo. CSI shirin talabijin ne na Amurka da tashar CBS ta nuna daga 2000 zuwa 2015, inda masu bincike ke gano mai laifi da ɗigon jini ko silin gashi kafin awa guda ta cika. Daga nan aka sa wa halin masu kallo suna, wato su riƙa neman irin wannan hujja a kowace shari'a. Na rubuta "tasirin CSI".

Malamar Hausa, Arkilla: Wa alaikumus salam. Malam, mai sauraro a Wurno bai san CSI ba, sai ka sake fassara fassarar. "Ruɗin fim" fa?

Lauya, Gawon Nama: Hajiya, ya yi faɗi, har soyayyar fim ɗin Indiya zai kwasa. A sa "hujja" a ciki. A Amurka maganar ta taso ne kan mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci. Mu nan alƙali ke yankewa, don haka an fi ganin abin wurin dangi da 'yan jarida: "Me ya sa ba a yi DNA ba?", wato gwajin ƙwayar halitta. Ni "tsammanin hujjar fim" na zaɓa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Mabera: Barista, bari in nuna inda fim ke ƙarya. Gwajin DNA matakai ne: a ciro shi daga samfurin, a auna yawansa, a ninka shi da dabarar kwafi da ake kira PCR zagaye kusan 30, sannan a karanta wurare kamar 20 a jikinsa. Sakamakon ba ya fito da suna ko hoto. Sai an kwatanta shi da na wanda ake zargi. Kuma tun wurin ɗauka aiki kan lalace. A cusa riga mai ɗanyen jini cikin leda a ɗaure, a zafin Afrilu na Sakkwato da kan wuce digiri 40, ƙwayoyin cuta su cinye DNA ɗin. Ƙa'ida ita ce a shanya ta a inuwa, a sa a ambulan takarda, kowane abu da nasa, da safar hannu.

Likita, Minanata: Haka lokacin rasuwa. A fim likita kan duba gawa ya faɗi ƙarfe kaza da minti kaza. Wani ɓangare na lissafin ya dogara ne da sanyayar jiki daga digiri 37 zuwa zafin wurin. In ɗaki ya kai 40, me zai sanyaya? Kintace ne na sa'o'i. Hoton kamarar tsaro kuma da ake ƙara girmansa har lambar mota ta fito, abin da kamara ba ta ɗauka ba babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Malamar Hausa: To, "tsammani" ya ɗauki rabi ne kawai, wato neman gwajin da babu. Ɗaya rabin shi ne a ji an ce "an gwada" a gaskata ba tambaya, ko da samfurin ya gurɓata. "Ruɗi" ya haɗa duka. A gwada: "Ruɗin hujjar fim ne ya sa suka ƙi amincewa da shaidu uku."

Lauya: Ya zauna. Na janye nawa.

Tafinta: Madalla. "Ruɗin hujjar fim" za a faɗa, a ambaci CSI sau ɗaya a farkon shirin.