Yaya zan koyar da darasin bakin teku ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba?

Malama_Kofar_Sauri:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah ina neman shawara, ƴan aji biyar nake koyarwa a wata firamare a nan cikin Katsina, mun zo kan darasin halittun bakin teku da yadda ake kare gaɓar teku, to yaran nan ko dam ɗin Ajiwa wasu ba su taɓa zuwa ba balle Legas, ina magana suna kallona kawai. Ba na so in ba su hadda su rubuta a jarabawa su manta. Wa ke da dabara?

Dan_Daura:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da yashi tunda shi suka sani. Yaro gani yake yashi ba komai a cikinsa, alhali a bakin teku gida ne, kaguwa na haƙa rami a ciki, tsuntsaye na bin bakin ruwa suna tsintar ƙananan halittu. Amma wallahi labarin kunkurun teku ne zai kama su. Uwar takan fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen 100 ta rufe ta koma ruwa, bayan kamar wata biyu ƴaƴan su fasa su ruga teku da kansu ba uwa ba uba. Kuma zafin yashin ne ke sa su zama maza ko mata, in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. A gaɓar Najeriya ma suna yin ƙwai, ba sai ƙasar waje ba.

Malam_Jibiya:
Malama ki samo babban tire, ki tara yashi gefe guda ki zuba ruwa ɗaya gefen, yaro ɗaya ya riƙa tura ruwan da murfin kwano, za su ga yashin na zubewa da idonsu. Sai ki kafa tsinke da ciyawa mai saiwa a sake gwadawa. Daga nan ki kawo masu labarin bakin tekun Bar Beach na Legas, ganuwar duwatsun da Turawa suka yi a mashigar tashar jirgin ruwa ce ta tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, teku ya yi ta cin gaɓar har yana hawa titi. Garin Ayetoro a jihar Ondo ma haka teku ke cinye gidajen mutane. Gaɓarmu ta kai wajen kilomita 850 fa.

Malama_Kofar_Sauri:
Allah ya saka da alheri, na tiren nan zan yi. Amma in wani ya ce Malama mu ina ruwanmu da teku?

Malam_Jibiya:
Ki zana masu hanyar ruwa a allo. Gulbin da ke wucewa ta nan Jibiya yana shiga Maraɗi ya dawo ya faɗa Rima, Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, shi kuma ya shiga kogin Neja, a bi ta Lokoja har teku. Ledar fiya wata da aka jefa a kwata da damina wannan hanyar take kamawa, kunkuru kuma yakan haɗiye leda a zaton abinci ta kashe shi. In hedimasta ya yarda ku zaga bayan makaranta da buhu ku tsince leda ran Juma'a kafin a tashi, ki bar su su ƙirga da kansu.