Sabon gini a bakin iyaka: yadda ƙananan hukumomi biyu ke auna motocin da zai jawo

Mai Tsara Gari:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda ke duba takardun izinin gini da masu ƙirga ababen hawa. A ce za a gina rukunin gidaje 400 a gefen wata ƙaramar hukuma, amma mararrabar da motocin za su bi tana cikin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka. Ta farko ce ke ba da izini, ita ke karɓar kuɗi, ta biyu kuwa cunkoson ne rabonta. Rahoton da mai ginin ya kawo bai leƙa ƙetaren iyaka ba sam. Daga ina ake kamo bakin zaren, kuma a ina aka fi samun tangarɗa?

Injiniyan Hanya:
Wa alaikumus salam, Malam. Tangarɗar tana farawa tun kafin a ƙirga mota ko ɗaya, wato wurin shata yankin da za a bincika. Kada a bar iyakar mulki ta yanke wannan. Lamba ce ya kamata ta yanke shi: duk mararrabar da ginin zai ƙara wa tafiya 50 (kowace shiga ko fitar mota tafiya ɗaya ce) a sa'ar da hanya ta fi cika, ta shiga bincike, ko a ƙasar wa take. Wasu kan sa 30, wasu 100. Wace lamba aka zaɓa bai kai muhimmancin a ce hukumomin biyu sun sa hannu a kanta tun babu takardar kowa a kan tebur ba. Da zarar takarda ta iso, kowace lamba ta zama abin ciniki.

Sai maganar yawan tafiyar da kowane gida ke haifarwa. Littafin da cibiyar injiniyoyin sufuri ta Amurka, ITE, ke fitarwa tun 1976, a bugunsa na 2021 ya ba gidan iyali ɗaya kimanin tafiya 9.4 a ranar aiki, kusan ɗaya daga ciki a sa'ar yamma. Gidaje 400 ke nan za su zuba tafiya wajen 3,760 a rana, kusan 380 a sa'a guda ta yamma. Amma a sani, yawancin waɗannan alƙaluma an tattara su ne a unguwannin bayan gari inda kowa ke da mota kuma bas ba ya zuwa. Idan aka ɗora su a kan wurin da rabin mutane ke hawa bas ko babur, lissafin zai yi ƙiba. Hukuma ɗaya ta riƙe littafin, ɗaya ta rage kashi 30 bisa hasashe, sai ka ga rahoto biyu a kan gini ɗaya, kowa da mudunsa.

Mai Ƙirgar Motoci:
Injiniya ya yi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangaren fili. Ƙirga mai amfani ana yin ta ne ranar Talata, Laraba ko Alhamis, makarantu na buɗe, babu biki, babu gyaran hanya a kusa. Safe daga 7 zuwa 9, yamma daga 4 zuwa 6, ana rubutawa duk minti 15, kuma ana raba masu miƙewa da masu juyawa dama da hagu. Idan ɗaya hukumar ta yi tata ƙirgar lokacin hutun makaranta, ba a haɗa ta da ta ɗayar. Ƙirgar da ta haura shekara uku ma a sake ta.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne mararrabar da ta riga ta cika maƙil. Mai ƙirga yana rubuta motar da ta wuce ne kawai, wadda ke layi ba ta shiga takarda. Sai rahoto ya nuna 1,800 a sa'a, alhali masu son wucewa sun fi haka nesa. Dole a tsayar da mutum a bayan layin yana auna tsawonsa duk minti biyar. Bututun robar nan da ake shimfiɗawa a kan kwalta shi ma yana da nasa aibin: gatari yake ƙirgawa, ba mota ba, don haka tirela mai gatari shida takan fito kamar ƙananan motoci uku idan ba a daidaita na'urar ba, kuma in motoci na tafiyar hawainiya yakan ruɗe. Kyamara ta fi, in akwai halin saye.

A kuma daidaita nauyin kowane abin hawa. A ma'aunin da ake yawan amfani da shi a Ingila, ƙaramar mota 1 ce, babur 0.4, bas 2, babbar motar kaya 2.3. Inda babura suka yi yawa, bambanci kaɗan a wannan lamba yana juya sakamakon gaba ɗaya.

Hajiya Mai Kula da Izini:
Ni abin da na fi so a kula da shi shi ne yanka aiki gunduwa-gunduwa. Idan ƙa'ida ta ce sai gini ya kai tafiya 100 a sa'a za a nemi cikakken rahoto, mai gidaje 400 sai ya kawo su kashi biyar, 80-80, kowanne da takardarsa, wani lokaci ma da sunan kamfani daban. Babu kashin da ya kai ƙa'ida, amma mararrabar ta sha duka. A bakin iyaka abin ya fi sauƙi, domin ana iya kai kashi biyu can, uku nan. Maganinsa rajista ɗaya ce da hukumomin biyu ke rubutawa a ciki: kowane gini da aka ba izini amma ba a gama ba, girmansa, da tafiyar da aka ƙiyasta masa. A sabunta ta duk wata uku. Kuma a rubuta a ƙa'ida cewa filaye masu manne da juna, masu mamallaki ɗaya ko ƙofar shiga ɗaya, aiki ɗaya ne.

Injiniyan Hanya:
Hajiya, wannan rajista tana warware wata matsalar ma. Kowane rahoto yana hasashen yadda motoci za su ƙaru ko da ba a yi ginin ba. Mararraba mai motoci 2,000 a sa'a, in aka ce tana ƙaruwa da kashi 2 a shekara, bayan shekara goma ta kai 2,440. In aka ce kashi 4, ta kai 2,960. Bambancin 520 ya fi duk abin da gidaje 400 ɗin za su kawo. Sannan wasu kan ɗora kashin ƙaruwar, su kuma ƙara gine-ginen da ke rajista a kai, su ƙirga abu ɗaya sau biyu. A zauna a yanke: kashi nawa, kuma me ya ƙunsa.

Mai Lissafin Asusu:
Ranku ya daɗe, duk wannan awo a kan kuɗi yake ƙarewa, nan ne kuma zumunci ke tsinkewa. Ga misali. Mararraba tana ɗaukar 2,000 yanzu, za ta kai 2,800, kuma 200 daga ciki na sabon ginin ne. Idan aka raba 200 da ƙarin da aka samu, wato 800, kason mai ginin kashi 25 ne na kuɗin gyara. Idan aka raba da 2,800 duka, kashi 7 ne. Hukumar da ke son ginin za ta riƙe 7, wadda ke shan cunkoso ta riƙe 25. A ganina raba shi da ƙarin ya fi adalci idan mararrabar lafiyarta lau a yau, domin sababbin motocin ne suka sa ake buƙatar gyaran. Idan kuwa ta riga ta lalace, ba daidai ba ne a ɗora wa sabon zuwa tsohon bashi. Kotun ƙolin Amurka ta tsaya a kan haka a shari'ar Dolan ta 1994: abin da za a nema daga mai gini ya yi daidai gwargwado da tasirin gininsa. A Ingila ana ɗaure irin wannan biya ne da yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990.

Kuɗin kuma kada ya shiga babban asusun hukumar da ta karɓa. A buɗe masa asusu na daban da sunan aikin, a rubuta wa zai ba da kwangila, a ɗaure adadin da hauhawar farashin kayan gini, a kuma sa wa'adin mayar wa mai shi idan ba a yi aikin ba. Kashi 25 kaɗai ba ya gina komai. In ba a san inda sauran 75 zai fito ba, kuɗin zai zauna yana narkewa.

Mai Tsara Gari:
Na gode ƙwarai. Amma duk mun tsaya a kan jinkirin mararraba. Shi kaɗai ne ma'auni?

Malamar Sufuri:
A'a, Malam, kuma wannan ne ya kamata a fara yankewa. Tsohon ma'auni yana ba mararraba maki daga A zuwa F bisa daƙiƙun da mota ke jira. A mai fitilar ba da hannu, ƙasa da daƙiƙa 10 A ne, sama da 80 F ne. Illarsa ita ce ginin da aka yi a tsakiyar gari, kusa da tashar bas, shi ke faɗuwa, domin mararrabar can ta riga ta cika. Wanda aka kai bayan gari sai ya ci jarrabawa, alhali mazaunansa za su riƙa tuƙi mai nisa kullum, kuma yawancin nisan a kan hanyoyin maƙwabta. Maganin da ma'aunin ke nunawa kullum shi ne a faɗaɗa hanya, ga shi kuma binciken masana tattalin arziki Duranton da Turner na 2011 a biranen Amurka ya nuna tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da yadda aka ƙara hanya.

Shi ya sa jihar Kalifoniya ta yi dokar SB 743 a 2013, wadda ta fara aiki a duk jihar ranar 1 ga Yulin 2020. A binciken muhalli yanzu suna auna jimillar nisan da motocin ginin za su ci ne, kuma shawarar jihar ita ce nisan tuƙin mazauna sababbin gidaje ya kasance ƙasa da matsakaicin da ake da shi ga kowane mutum da kashi 15. Wannan ma'auni ba ya yiwuwa ga hukuma ita kaɗai. Tafiyar kilomita 18 da aka yanke ta a iyaka bayan kilomita 3 ƙarya ce a takarda. Dole a sami manhajar hasashe ɗaya ta yankin duka, a kuma yarda da wane matsakaici za a gwada, na gari ko na yanki, domin amsar kan bambanta. Ban ce a jefar da awon mararraba ba. Ana buƙatarsa don saita fitila, da tsawon layin juyawa, da wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa.

Mai Ƙirgar Motoci:
Malama, saura abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: komawa a ƙirga bayan mutane sun tare. A sa shi cikin sharuɗɗan izini, mai ginin ya biya, amma hukumomin su zaɓi mai ƙirgar. Ana yi ne idan an cika kamar kashi 85 na gidajen, a kowace ƙofar shiga, kwana uku a jere, har da masu ƙafa da masu keke. Rumbun bayanan TRICS na Birtaniya haka ya samo asali a 1989, hukumomin gundumomi shida na kudancin Ingila, ciki har da Kent da Surrey da Hampshire, suka haɗa ƙirge-ƙirgensu wuri ɗaya. Hukumomi biyu ko uku ma za su iya farawa da takardar lissafi guda a kwamfuta: irin ginin, yawan gidaje ko faɗin cikin ginin, wuraren ajiye mota, nisan tashar bas mafi kusa, ranar ƙirga, da abin da aka yi hasashe a gefen abin da aka samu.