Iska da rufin gida: abin da muka gani a garuruwanmu na Sudan

Daga Omdurman: Assalamu alaikum. Ina shirin sake rufin gidan mahaifinmu kafin lokacin habub, guguwar ƙurar nan da ke turnuƙe Khartoum tun daga watan Mayu, kuma ina roƙon waɗanda suka taɓa gini su faɗa mini abin da ya jure musu da abin da iska ta yaye.

Daga Gadarif: Wa alaikumus salam, ɗana. Daga baki iska take kama kwano, ta shiga ƙarƙashin ɓangaren da ya zarce bango ta ɗaga shi. Na ga ɗakin da aka buga wa ƙusa mai kyau, amma da yake ba a ɗaure katakon da bango ba, rufin ya tashi ɗungurungum ya faɗa gidan maƙwabci. A aikina nakan binne rodi cikin bango tun ana jera bulo, in naɗe katakon da shi, sannan in tayar da rawani, wato ɗan gajeren bangon da ke zagaye saman ɗaki, ya danne bakin kwanon. Wannan kuɗin bai kai na bandir ɗaya na kwano ba, shi ya sa nake takaicin masu tsallake shi.

Daga Mai Wurno: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai rawani yana tare ruwa idan indararo ya yi ƙanƙanta. Gidanmu ginin jalus ne, wato ginin laka, kuma kowace shekara kafin damina mukan sake yaɓen zibala, wato laka haɗe da kashin dabbobi, musamman bangon da ruwa ke duka, domin ƙaramar tsaga ce take zama rami.

Daga Dongola: Mu ruwa bai cika damunmu ba, iskar arewa da yashi ne matsalarmu. Ƙofar ɗakina kudu take kallo, a arewa kuwa ƙananan tagogi na bari can sama, ina toshe su da hunturu, ina buɗewa da bazara don iska ta ratsa.

Daga Omdurman: Allah ya saka da alheri. Baba na Gadarif, bangonmu tsoho ne, ta yaya zan sa rodin ba tare da na rushe shi ba?

Daga Gadarif: Sauke layi uku na sama, ka zuba kankare da rodi kewaye da ɗakin, ka bar bakin ƙarfen a waje don ɗaurin katako.