Neman shawara: mita ta ce ruwan ba tsami, dayatom sun ce akwai

Ɗalibar aji huɗu, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina furojet ne kan dayatom, ƙananan halittun nan dangin gansakuka masu ƙwanson silika da ke sa duwatsun rafi santsi. Ƙoramunmu na nan da damina ta wuce sai su ƙafe, shi ya sa na bi yayana Jos. Na kankaro santsin duwatsu da buroshin goge baki a rafuka uku, na ɗebo ruwa a jarka. Sai bayan kwana huɗu na samu mitar auna tsamin ruwa, wato pH, duka ukun suka ba ni kusan 7, ma'ana ba tsami (ƙasa da 7 ne mai tsami). Amma a madubin ganin ƙananan halittu rafi ɗaya cike yake da dayatom nau'in Eunotia, masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, alhali an koya mana ruwa mai tsami suke so. Wallahi abin ya hana ni barci. Wanne zan yarda da shi?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Daura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Yarda da dayatom ɗin. Ruwan da ya kwana huɗu a jarka, ga zafi ga jijjigar mota, iskar kabon da ke cikinsa tana fita, tsaminsa ya ragu. A bakin rafi ake auna pH, bayan an daidaita mita da ruwan gwaji mai pH 4 da mai pH 7. Kuma ki riƙa aunawa lokaci guda, don na asuba kan bambanta da na azahar. Mita halin ruwa na wannan minti kawai take faɗa miki, su kuwa dayatom sun yi makonni a kan dutsen.

Tsohon ɗalibi:
Ƙanwata, duba dutsen wurin. Giranit irin na Jos ba ya sakin sinadarin da zai kashe tsami kamar yadda dutsen farar ƙasa ke yi. In tsami ya yi yawa, ire-iren dayatom kan ragu, Eunotia da Frustulia su mamaye, irin su Cocconeis su ja baya. Kada ki raina tazarar pH 5 da 6, ninki goma ce a tsami. Da ƙwanson halittun nan da ke binne a lakar tafkuna aka nuna, a shekarun 1980, yadda ruwan sama mai asid ya tsamama tafkunan Sikotilan.

Malama a sakandare:
Dayatom guda nawa kika ƙirga? Ki wanke samfurin da haidirojin feroksaid, ki ƙirga kamar 400 a kowane rafi, daga duwatsu biyar.

Ɗalibar aji huɗu:
Tamanin kawai na ƙirga, Malama. Allah ya saka muku da alheri. Asabar zan koma Jos in sha Allah. Baba na Daura, ruwan gwajin nan, na hoda da ake haɗawa zai yi, ko sai na kwalba?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Daura:
Na hoda ma ya isa. Ki dama da tataccen ruwan ɗakin gwaji ana gobe tafiya, ki rufe kwalbar da kyau.