Korona ta zama mura, ko da sauran rina a kaba?

Mai kemis: Jama'a, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Tun watan Afrilu 2022 aka janye dokar hana fita da ƙayyade taro a Najeriya, a watan Disamba kuma kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona ya ɗage tilasta sa takunkumi da gwajin matafiya. Waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya tun Fabrairu 2020 sun haura 266,000, waɗanda suka rasu sun ɗan haura 3,100. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe fiye da 150,000 a ƙasar nan duk shekara. Ra'ayina shi ne korona ta zama mura. A ajiye takunkumi, a sa kuɗin a gidan sauro.

Likita: Malam, maganarka ta gidan sauro na karɓa hannu bibbiyu. Amma alƙaluman da ka kawo na waɗanda aka gwada ne kawai, kuma wanda ya rasu a gida da asuba aka kai shi makwanci kafin azahar ba ya cikin lissafin. Ka tuna Kano a Afrilu 2020. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta su da korona. Gaskiya ne nau'in Omicron ya fi sauƙi ga mai garkuwa. Saurayi mai shekara 25 zai yi kwana uku yana tari ya miƙe. Dattijo mai shekara 70 da ciwon suga ko hawan jini ko ciwon ƙoda, nasa lissafin daban ne. Abin da ya raba korona da mura shi ne mako na biyu: zazzaɓi ya sauka, iyali su saki jiki, sai tsakanin kwana na 5 da na 10 huhu ya fara kasawa, iskar oksijin ta ragu a jini, mara lafiyar kuma yana zaune yana hira bai ji sarƙewar numfashi ba.

Malamar jinya: Shi ya sa gidan da ke da tsoho ya kamata ya mallaki ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini. Amma a iya amfani da ita. A bar mutum ya zauna ya huta minti biyar. Idan yatsun sun yi sanyi, kamar lokacin hunturu, a murza su su ɗumama, don yatsa mai sanyi yana ba da lamba ta ƙarya. A goge jan farce, kuma a guji yatsan da baƙin lalle ya kama sosai. A jira lambar ta tsaya, kada a ɗauki ta farkon da ta fito. Daga 95 zuwa sama lafiya lau. Idan ta tsaya a 93 ko 94, a sake aunawa bayan awa ɗaya kuma a kira ma'aikacin lafiya. Daga 92 zuwa ƙasa, asibiti kai tsaye. Sai a san cewa a kan baƙar fata na'urar takan ƙara maki biyu ko uku, don haka idan ta nuna 95 amma Baba ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, a bi abin da ido ya gani.

Mai kemis: Hajiya, wannan ban musa ba. Ina magana ne a kan takunkumi. Me takunkumin ya hana a kasuwa? Rabin mutane a haɓa suke rataye shi, wasu su wanke na asibitin nan mai shuɗi su shanya, alhali wanki yana kashe abin da ke tace iska a cikinsa. Wanda ya jiƙe da gumi ma ya tashi daga aiki.

Likita: A filin kasuwa da iska ke kaɗawa, kana da gaskiya. A ɗakin jira na asibiti, ko motar haya da aka rufe gilasai, ko ɗakin mara lafiya, ba ka da ita. Sannan kalmar nan ta "mura" ita ce ke ba ni tsoro, don ita ke sa a haɗa wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibiyotik) da dexamethasone, maganin rage kumburi, a leda ɗaya. Na farkon ba ya taɓa korona ko kaɗan. Shi kuwa dexamethasone, binciken da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna yana ceton rai ne ga wanda ya riga ya buƙaci oksijin, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, a hannun likita. Wanda bai kai nan ba babu amfanin da zai yi masa, ga danne garkuwar jiki, ga tayar da suga.

Mai kemis: A kan dexa muna tare, Likita, bai kamata a sayar da shi ba takarda ba. Ni abin da zan ƙara, duk zazzaɓi a fara da gwajin cizon sauro, minti 15 zuwa 20 ya fito. Ba kowane zafin jiki ne korona ba.

Malamar jinya: Kuma fitowar zazzaɓin sauro ba ta kore korona ba, mutum yana iya ɗauke da duka biyun. Gwajin korona na gaggawa shi ma yana da ƙa'ida: a karanta shi a minti 15, abin da ya bayyana bayan minti 30 ba a aiki da shi. Idan bai nuna komai ba a ranar farko alhali alamun suna nan, a maimaita bayan kwana biyu.

Duba-gari: Duk kun tsaya a fuska da yatsa, kun bar ɗakin. Cutar nan a iska take rataye, kamar hayaƙin turaren wuta: a ɗaki rufaffe yana daɗewa, a tsakar gida nan da nan ya watse. Taga ɗaya ba ta isa. Sai an buɗe biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Fankar sama a ɗakin da aka rufe juya iskar kawai take yi. Fankar tsaye kuma a kafa ta bakin taga tana hurawa waje. Masallaci ya koma haɗa sahu, alhamdu lillahi, to a buɗe tagogi tun kafin kiran salla, a bar su a buɗe bayan an sallame. Zaman makoki da suna a yi su a rumfa ko ƙofar gida. Inda ake ɓarna shi ne dubiya: mutum goma a ɗan ƙaramin ɗaki, labule a sake, mara lafiya yana tari. A shiga bibbiyu, a gaisa, a yi addu'a, a fito.

Jami'ar rigakafi: Ku ƙara da allura. Daga Maris 2021 da aka kawo allurar AstraZeneca ta COVAX, shirin duniya na raba rigakafin korona, an riƙa yin ta kyauta a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Malam zai ce wanda ya yi ma yana kamuwa. Haka ne, kariyar kamuwa takan ragu bayan 'yan watanni. Kariyar kwanciya asibiti da mutuwa ita ce mai daɗewa, kuma ita allurar ƙari ke farfaɗowa. Masu shekara 60 zuwa sama da masu ciwon suga su ne kan gaba. A adana katin, don a Hajjin 2022 Saudiyya ba ta karɓi maniyyaci ba sai da shaidar rigakafi.

Malamar jinya: Malam duba-gari, batun taga akwai gyara. Da hunturu ƙura ce ke shigowa, tsohon da ke da asma kuwa ita za ta kwantar da shi kafin korona. Ba za ka ce a bar masa taga a buɗe dare da rana ba.

Duba-gari: Ba dare da rana ba, Hajiya. A buɗe na minti goma duk awa, da kuma duk lokacin da masu dubiya suka fita. Tagar da ke fuskantar arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a rataya mata jiƙaƙƙen zane ya tare ƙura, a buɗe ta ɗaya ɓangaren sosai. A lulluɓe tsohon da bargo, a janye gadonsa daga saitin taga.

Mai kemis: To ni dai ban sauka daga maganata ba game da kasuwa da titi. Amma mai tari da zai shiga ɗakin tsoho ya sa takunkumi sabo, ya rufe hanci da baki, ya matse ƙarfen a kan karan hanci. Na asibitin, ba na ƙyalle mai falle ɗaya ba.