Ɗan kwikwiyona na zawo, sau nawa za a ba shi abinci a yini?

Ɗan_Adar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu kiwon karnuka ku taimaka min. Wani buzu abokin babanmu ya kawo muna ɗan kwikwiyo daga wajen Abalak, irin dogayen nan na Azawak, ya ce watanshi 2. Don gadin gida da awaki muka amshe shi. To yara kowa ya tashi sai ya zuba mishi abin da ya rage, shinkafa da miya, tuwo, hura, da sahe kuma ana dama mishi madarar gari. Yanzu zawo yake, ciki ya kumbura tim amma haƙarƙari duk waje. Sau nawa ya kamata ya ci, kuma mi za a ba shi? Kroket, busasshen abincin karnuka na buhu, ba kullum ake samu nan Tawa ba, ga tsada.

Baba_Mai_Kiwo:
Wa alaikumus salam ɗana. Madarar nan tsaida ta tun yau, kwikwiyon da an ka yaye cikinshi ba ya iya narka sukarin da ke cikin madarar shanu, ita ce farkon abin zargi. Kumburin ciki kuma galibi tsutsa ce, kai shi wajen likitan dabbobi ya auna nauyinshi ya ba shi magani daidai kilo, kada ka sawo kwaya kasuwa ka kintata. Ana maimaitawa duk sati 2 har ya kai wata 3, daga nan wata wata har wata 6.

Zancen ci kuwa, sau 4 a yini har wata 3, sau 3 har wata 6, in ya wuce nan sahe da marece sun isa. Ka ɗaure abin da lokutan salla sai ya yi maka sauƙin tunawa: bayan asuba, kahin azahar, bayan la'asar, sai bayan magariba. Aje kwanon minti 15, ya ci bai ci ba ka ɗauke. Wanga shi ne mutane ba su so, sai tausayi ya kama su su bar tuwo yini guda cikin rana ƙudaje na bi, kuma in kullum abinci na gabanshi ba ka taɓa gane ranar da ya daina ci ba, alhali ƙin ci shi ne alamar farko ta ciwo ga kare.

Ba dole sai kroket ba. Kunun hatsi mai kauri ko shinkafa ta dahu luguf, da nama ko kihi ko dafaffen ƙwai, ba gishiri ba magi ba yaji. Amma hatsi kaɗai ba ya gina ƙashi, nama zalla ma haka nan, ƙafafu su lanƙwashe, shi ya sa ake daka ɓawon ƙwai ya yi gari a barbaɗa ɗan kaɗan. Likitan ya hwaɗa maka gwargwado.

Maman_Nana:
Ni dai miyar ce ta tsaya min a rai. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kare ko an dahwa, suna lalata mishi jini, kuma wace miya ce tamu babu albasa? Ƙashin kaza dafaffe shi ma a'a, tsagewa yake ya soke hanji. Ka sa yaro guda babba ya zama shi ka ba shi abinci, sauran ka ja musu kunne, kuma su riƙa wanke hannu da sabuni in sun taɓa shi saboda tsutsar nan na kama yara. Ruwa kam kada ya yanke, a inuwa, kwanonshi daban, ka san zahin watan 4 da na 5 garin ga.

Abzin227:
Kai jama'a kun cika bidi'a. Can daji buzaye hatsi da nono suke ba su, kuma kare ya tashi ya kamo zomo da gudu. Sannan irin na Azawak haka halittarshi take, ganin haƙarƙari ba yunwa ba ce, kada ku ɗura mishi abinci wai sai ya yi ƙiba.

Baba_Mai_Kiwo:
Maganar ƙiba kana da gaskiya, kwikwiyo mai dogayen ƙafafu in ya yi nauyi da wuri gaɓoɓi ka wahala. Amma nonon da kake hwaɗi sau da yawa mai tsami ne, tsamin ya cinye wani kashi na sukarin, kuma na daji yana samun ɗan abin farauta. Na cikin gida abin da an ka zuba mishi kaɗai gare shi.

Ɗan_Adar:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. In na samu kroket daga Yamai sai in canza mishi kai tsaye?

Baba_Mai_Kiwo:
A'a, sannu sannu, kana gauraya sabon da tsohon kana ƙarawa har sati guda, kuma ka duba buhun ya zama na 'yan kwikwiyo, ka jiƙa da ruwan ɗumi. Amma hwara da likita tukuna. In ka ga jini cikin zawon ko amai ya haɗu da shi kada ka kwana, akwai wata cutar hanji mai kashe su cikin 'yan kwanaki. Ka tambayi rigakahinta, ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3.